Cibiyar da Gwaggo Ta Wanke

Burumburum,
6 ga Agusta.

Zuwa ga Baban Humaira,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya zaman asibiti, yaya jikin Humaira? Allah ya sa ƙarin jinin wannan watan ya karɓe ta. Inna tana gaishe ku.

Kada ka yi mini dariyar rubuta takarda alhali ga waya. A gidan nan sai ka tsaya gindin darbejiya kake samun sabis, kuma nan ne majalisar mata. Ta yaya zan yi zancen ciki a gaban uwata?

Na kasa zama wuri ɗaya. Na ɗaure jaka na kwance ta ya fi sau biyar. Kullum sai na maimaita wa kaina abin da likitar nan mai bincike ta gaya mana: wai a jinin cibiyar jariri akwai wasu ƙwayoyi kamar irin shuka, in an dasa su a jikin mai sikila sai ɓargonsa ya fara yin lafiyayyen jini. Ta ce dole a asibitinsu zan haihu, a ɗebi jinin nan take, kuma ɗaya cikin huɗu ne ake dacewa. Ni dai ɗayan nan na riƙe. Shekara tara ina jin kukan yarinyar nan, kuma tun da hannunta na hagu ya fara sanyi ban ƙara samun natsuwa ba.

Na ɗan gutsura wa Inna da Gwaggo Saude, ungozomar gidanmu, cewa likitoci suna son cibiyar abin da zan haifa don maganin Humaira. Iyakar abin da bakina ya iya ke nan. Gwaggo ta ce ai su sun riga boko sanin cibiya magani ce.

Saura mako biyar a lissafinsu. Ka turo mota ƙarshen wata, kada ka yi irin naka na sai gobe.

Taka har kullum,
Shamsiyya.


Burumburum,
17 ga Agusta.

Zuwa ga Baban Humaira,

Ina gaishe ka, ina gaishe da 'yata. Yaya kuka kwana?

Ka riga ka ji a waya cewa na sauka ranar Laraba, namiji, lafiya lau. Na ji ka tambaya sau biyu ko an yi abin, na yi kamar sabis ya ɗauke. Bai ɗauke ba.

Tun da hantsi bayana yake ciwo. Na ce sanyin damina ne, don lokaci bai yi ba, kuma ka san mu da ɓoye naƙuda. Har dakan yaji na taya matan gidan. Kafin azahar yaro ya faɗo a ɗakin Inna, ana tsuga ruwa, rafin hanya ya cika. Na zubar da jini sosai, ban san inda kaina yake ba sai bayan la'asar.

Da na farfaɗo, Gwaggo ta shigo tana murmushi da sabon faranti. Ta binne mabiyiya a bayan ɗaki kamar yadda aka saba, amma ta yanke igiyar cibiyar doguwa ta ajiye wa likita. Ta tatse jinin tas, ta wanke ta sau uku da ruwan ɗumi, don ba a kai wa manya abu da ƙazantar haihuwa. Yanzu haka tana rataye a rumfa tana bushewa, yadda ake yi wa kowane magani.

Wallahi godiya kawai na yi mata. Matar nan da ciwon gwiwarta ta ratso ruwa ta zo. Laifina ne. Kalma ɗaya ce, jini, na ji kunyar faɗa. Da na faɗa ma ban san me za su iya yi ba, amma wannan bai hana ni juya zancen a raina safe da yamma ba.

Ka yafe mini. Kada ka gaya wa Humaira tukuna.

Matarka,
Shamsiyya.


Burumburum,
21 ga Satumba.

Zuwa ga Baban Humaira,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikin mai jiki? Mun iso gida lafiya ranar nan, sai dai Inna ta yi ta faɗan na fita da ɗanyen jego na kai jaririn gwaji Kano kafin arba'in. Ta daina dai tun da saƙonka ya zo.

Na karanta shi ban san adadi ba. Gwajin da aka yi wa jaririnmu Mujitaba ya nuna ba shi da sikila, kuma ya dace da yayarsa. Na yi sujada, na tashi na yi kuka, don da jinin nan yana hannu da yanzu ana maganar shiri. Ka ce yanzu sai dai a ɗebi ɓargonsa, kuma ba a taɓa jariri sai ya yi ƙwari ya yi nauyi, shekara biyu ko fiye.

Ƙunshin da direba zai ba ka daga Gwaggo ne. Ta naɗe cibiyar a farin ƙyalle ta ɗinke da hannunta. Ka karɓa, ka kira ta ka yi godiya. Kullum tana tambaya ko an fara ba yarinyar.

Akwai abin da ke damuna. Wani lokaci ina yi wa yaron nan wanka sai in tsinci kaina ina taɓa cinyoyinsa ina auna su, ba don sha'awa ba. Sai in ji kunyarsa in rungume shi. Ina sonsa, Allah ya sani, amma gaggawa nake yi masa.

Ka rubuta cewa likita ba ta yi alkawarin jijiyoyin kan Humaira za su jira shekara biyu ba. Na gani, ba sai ka maimaita a waya ba. Ka ce wa Humaira ƙaninta yana da ci, kuma ya fara cika hannu. Inna tana ta mita wai zan ɓata shi, don ko bai yi kuka ba tashinsa nake in ba shi nono.

Ka huta lafiya.

Ni ce,
Shamsiyya.