Akuyar da Fasto Ya Yanka da Hannunsa

Sabon Gari, Daura
28 ga Disamba

Zuwa ga Innata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu Almasihu. Yaya ƙafar taki? Yaya Baba da mutanen gida? Mu lafiya lau, sai dai Kirsimetinmu ta farko a Daura ta zo da gardama.

Ranar jajibere surukinki Fasto Ayuba ya kayar da akuya ya yanka da hannunsa, yadda ake yi a gida. Ni da matan ƙungiyar Zumunta ta coci muka dafa shinkafa, muka rarraba wa maƙwabta Musulmi kwano goma sha ɗaya. Kafin azahar duk suka dawo, ko murfi ba a ɗaga ba, kowane da saƙon godiya. Inna, na ji kunya har na rasa inda zan sa fuskata.

Fasto ya ce unguwar ba ta son mu, zai rubuta wa hedkwata a mayar da mu gida. Kin san shi, wajen wa'azi zaki ne, amma ransa ba ya ɗaukar wulaƙanci. Ni na ce ba inda za ni. Mutum talatin ne ke sujada a cocin nan, kuma shekara guda suka yi ba makiyayi kafin mu zo. Idan muka tafi, wa zai yarda ya zo?

Ki sa mu a addu'a.

'Yarki,
Kyauta

Daura
20 ga Janairu

Inna,

Ina gaishe ki da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Na ga kukar da kika aiko, Allah ya saka.

Na gano bakin zaren, kuma laifin namu ne. Mama Lubna, tsohuwar da ke share coci, ta faɗa mini cewa shekara ashirin marigayi tsohon Fasto yana kiran Malam Kalilu, mahaucin da ke bayan cocinmu, ya yanka dabbar Kirsimeti, don maƙwabta su ci hankali kwance. Kowa ya ɗauka mun sani, mu kuma ba mu tambaya ba. Matambayi ba ya ɓata, Inna, ga shi mun ɓata.

Na yafa mayafi na shiga wurin Zubaida, matar Malam Kalilu. Ta ba ni tabarma, ta ba ni ruwa, sai da muka jima sannan ta ce ran nan tun asuba Malam ya wasa wuƙarsa, ya ƙi zuwa kasuwa, ya zauna a zaure yana jiran kira, har ya ji kukan akuya ta katanga. Ta ce bai yi fushi ba, ya dai ɗauka sabon Fasto ba ya son su ci nasa. Da na dawo gida sai da na yi kuka.

Fasto ya ji labarin. Wani dattijon ikilisiya kuma yana zuga shi, wai me zai sa mu kira na waje ya yi mana yanka. Na ce wa Fasto naman da maƙwabci ba zai iya ci ba, aika masa shi ba zumunci ba ne. Har yanzu Fasto yana maganar tafiya, ni kuma na rantse ba zan ɗaure kaya ba.

Don Allah ki ba Adama direba jan bunsuruna ya kawo mini kafin Ista. Kada Baba ya ce zai sayar.

Taki,
Kyauta

Daura
6 ga Afrilu

Innata,

Barka da Ista. Ina fatan kun yi biki lafiya, ƙafar kuma ta yi sauƙi.

Bunsuru ya iso. Ranar Asabar na ɗaure shi a tsakar gida, na gaya wa Fasto cewa ko ya je ya kira Malam Kalilu, ko bunsurun ya tsufa a turke. Ya kai ya kawo, ya sa hula ya cire, ya sake sawa, sannan ya fita. Sun daɗe a zaure, ban san abin da suka faɗa wa juna ba. Da suka shigo, Malam ya yanka, surukinki ne ya riƙe masa ƙafafun bunsurun, babbar rigarsa duk jini.

Malam bai tafi ba sai da ya zauna ya ci hanta tare da shi. Unguwa ta ci, har gidan mai unguwa suka aiko a ƙaro romo. Dattijon nan mai zuga ma ya ci.

Jiya bayan sujada Fasto ya sanar cewa zai fara ajin baftisma na wata shida, kuma shi zai koyar da kansa har ƙarshe. Ina zaune cikin mata, sai na sunkuyar da kai don kada a ga hawayena.

Inna, ki aiko mini da turmina da babbar tukunyata, na gaji da aro. Zama ya kama mu a Daura.

Ki gai da Baba da kowa da kowa. Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku.

'Yarki mai ƙaunarki,
Kyauta Ayuba