Goma Bisa Goma da Aka Ba Baba

Kafanchan,
14 ga Nuwamba, 1999.

Zuwa ga yayana Meshak,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Kristi. Ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Anti Scholastica da yara, kuma sanyin Amurka bai fi ƙarfinku ba. Kullum kuna cikin addu'armu ta safe, Allah ya tsare ku, ya sa albarka a aikinka na asibiti. Mama tana nan lafiya, sai dai gwiwar nan tata da ke hana ta zuwa zumuntar mata wani lokaci. Ƙanwarmu Emilia ta sauka lafiya ranar Talata, namiji ne, an sa masa Jonathan, kuma kowa ya gan shi sai ya ce goshinka ya ɗebo, Allah ya ba shi haƙuri. Citta ta yi kyau bana a Kagoma, Baba Kumai, ƙanen Baba, ya riga ya fara tono.

Da gangan na rubuta wannan da hannuna, zan ba wata 'yar mishan da za ta koma can jibi ta jefa maka a akwatin wasiƙa. Saƙonka na makon jiya ya iso, wanda ka ce tunda Baba ya warware haka, za ka ɗaga zuwanka na Kirsimeti zuwa baɗi. Yaya, Baba bai warware ba. Kuskure aka yi, kuma ina da hannu a ciki, shi ya sa nake so ka ji daga bakina.

Ka tuna bayan an yanke masa ƙafa saboda ciwon suga, ka sa sunansa a shirin nan na intanet da ake yi wa manya masu jinya don su samu kwanciyar rai. Duk Litinin tambayoyi suna zuwa ta imel a shagon Madam Oby da ke kusa da tashar jirgi, idan wayar ta ga dama ta yi aiki. Ta buga mini a takarda, in kai gida in fassara wa Baba, ranar Laraba in tashi daga makaranta in mayar mata da amsa ta aika. Akwai abubuwan da suke sa shi yi, kamar ya ja numfashi a hankali sau goma, ko ya faɗi abu uku masu kyau da suka faru ranar. Na numfashin ya yi sau ɗaya, ya ce shekara saba'in da biyu yana numfashi babu Baturen da ya koya masa. Amma babbar tambayar da ba ta canzawa ita ce yadda yake ji a jikinsa da ransa, a zaɓi lamba daga ɗaya zuwa goma.

To ni kuma da nawa wayon, sai in ce masa, Baba, sun ce yaya jiki. Kai ma ka san amsar. Wane mutum ne a ƙasar nan za a tambaye shi yaya jiki ya faɗi wani abu ban da da sauƙi? Kakarmu tana kan gadon mutuwa fasto ya tambaye ta, ta ce da sauƙi, kafin a gama addu'a ta cika. Baba ya ƙi zaɓen lamba sam, ya ce shi ba ɗan makaranta ba ne, kuma mai bi ba ya ba Allah maki. Makon farko ni da Oby muka sa masa huɗu. Mako na biyu na kai mata amsa, ta tambaye ni Turancin da sauƙi, na faɗa mata. Hausar Oby ta kasuwa ce, sai ta ce ai wanda ya samu sauƙi ya fi makon jiya ke nan, ta sa biyar. Haka muka riƙa hawa mako mako har muka kai goma, muka tsaya nan don babu sha ɗaya. Kwamfutarsu ta zana layi yana tafiya sama, suka aiko da takardar yabo har da hoton fure, wai Baba yana cikin waɗanda suka fi kowa ci gaba. Wannan layin ne aka turo maka ka gani.

Yanzu ga gaskiyar. Wandon da ka aiko masa a Ista, igiya Mama take ɗaura masa. Tuwon acca da likita ya ce ya ci, loma biyu yake yi ya ture kwanon. Rabonsa da sujada tun watan Agusta, ya ce ba zai yarda a ɗauke shi kamar buhu a gaban jama'a ba. Ya kyautar da rediyonsa. Abokansa na reluwe sun zo yin dara sau uku yana cewa a ce yana barci, har sun daina zuwa. A awon da ya wuce likita ya kira ni gefe ya ce ƙodar ma ta fara gajiya, kuma magani ba ya yi wa wanda ya saki jikinsa aiki. Na tambaye shi tsawon lokaci, ya ce wannan na Allah ne, amma in akwai wanda ya kamata ya zo, ya zo. Ina ganin duk wannan da idona, amma duk Laraba ina kai da sauƙi shagon Oby. Na ɗauka wasan takarda ne na Turawa, ban san da shi kake auna ranar zuwanka ba. Na ji kunya ƙwarai, kuma ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba.

Duk da haka ba zan zagi shirin ba, don ya yi abin da mu muka kasa. A takardar ƙarshe, ta mako na sha biyu, akwai wata sabuwar tambaya: wane abu guda mai jinya yake so ya yi cikin wata mai zuwa. Wannan karon ban yi Hausa ba, da yarenmu na tambaye shi, muna zaune a gindin mangwaro bayan na taso daga makaranta. Ya buɗe baki zai ba da amsar da ya saba, sai ya ga ba ta shiga nan. Har na fara naɗe takardar. Can sai na ga hawaye, Baban da ko ranar da aka yanke ƙafar bai yi kuka ba. Ya ce yana so a kai shi Kagoma ya nuna maka iyakar gonar kakanmu, daga dutsen da ke bakin rafi zuwa tsohuwar ɗorawa, da wurin da aka taɓa yin rigima da maƙwabta. Ya ce ubansa da ƙafa ya zaga da shi, kuma babu takardar da ta san wurin, a kansa kaɗai yake. Na ce ya nuna mini mana, ya ce ɗan fari ake nuna wa a gaban dattawa. Wannan rigimar ta ɗan fari ni da ku ce, za mu yi ta wata rana. Na tambaye shi me ya hana shi faɗa maka tuntuni, ya ce mutum yana aikinsa a ƙasar wasu ba a tayar masa da hankali.

Saboda haka, Yaya, ka zo Kirsimetin nan. Ban ce ka yi ƙoƙari ba, cewa na yi ka zo. Baba Kumai ya ce zai bar layin citta na bakin iyaka ba zai tone ba, don dattawa su ga inda gonar ta tsaya. Mun shirya yadda za a ɗora Baba a mashin, mutum ɗaya gaba ɗaya baya. Kuma ka gaya wa masu shirin, cikin ladabi, in za su sake tambayar mutanenmu, su tambayi loma nawa aka ci da wanda aka yi hira da shi.

Mama tana gaishe ku, ta ce a sumbace mata Brian da Ogechi. Emilia da mijinta Zamani suna gaisuwa, haka Baba Kumai da gidansa. Madam Oby ta ce a ba ka haƙuri, ta kwana biyu ba ta iya kallon idona. Ki ji ni, Anti Scholastica, na san ke za ki fara karanta wannan, don Allah ki tura mana shi.

Ban gaya wa Baba ka ɗaga tafiyarka ba, kuma ba zan gaya masa ba. Jiya ya sa Mama ta fito da takalman robarsa na gona ta wanke, duka biyun. Mama ta tuna masa ɗaya zai ishe shi yanzu. Ya ce ba nasa ba ne, kai za ka sa, don takalmin Amurka ba zai iya taɓon bakin rafi ba. Suna nan ya jera su a ƙofar ɗakinka.

Ni ce ƙanwarka mai jiran ranar da za ka sauka,
Hephzibah.