Ni da Zabbi Muna Tafe

Yaya Hadiza,

Ina lafiyarki, ina Alhaji da yara? Ya zafin Yamai? Mu nan Madarumfa sai godiya.

Hutun lakwal, da an rufe makaranta, zan kawo yarana Rabi da Sani kwana uku su ga birni. Na tanadar miki bandar kifin tafki da zabbi uku. Rabi ta ce ta yi girma da rungumar zabo cikin mota. Sani kuwa wai ƙarnin kifi zai kashe masa turare. Na ce ba na shiga gidan yayata hannu rabbana, wanda ya fi ƙarfin zabo ya zauna gida.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida kowa. Ran Asabar ki zo tasha. Yara ban sani ba, amma ni da zabbi muna tafe.

Ƙanwarki,
Zuwaira