Akuya Ba ta Sayarwa Ba Ce

Volda, watan Oktoba

Zuwa ga autana Torleiv,

Gaisuwa mai yawa, da kewa wadda ta fi gaisuwar yawa. Ina fata wannan takarda za ta same ku cikin ƙoshin lafiya, kai da Jimena da jikata Alma. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ka a kan ruwan nan na Chile da kake wuni kana kiwon kifin mutane. Mu nan lafiya lau, in ka cire gwiwata da ke damuna duk ranar da aka yi ruwa, ka kuwa san garinmu, kusan kullum ke nan. Ƙanƙara ta fara sauka a kan duwatsu, rana ta fara yi mana rowa. Yayarka Ragnfrid ta zo daga Bergen makon jiya da yaranta, suka cinye mini duk abin da ke firji suka ƙara gaba. Babanka yana nan a gidan kula da tsofaffi, yana cin abinci sosai. Mantuwar ce dai take ƙaruwa, amma har yanzu yana bin ƙofofin gidan yana faɗa wai wanda ya kafa su bai taɓa riƙe guduma ba.

Na zaɓi in rubuto maka ne domin a waya kai ne da baki. Kafin in haɗa magana ɗaya ka jero uku, ga Alma tana turo fuska tana nuna mini haƙorinta da ya fita, sai in manta abin da ya kawo ni. Maganar mota ce. Wani mai sayar da motoci, Sindre, ya kira ni da murya mai zaƙi, wai ɗana na Chile ya ce a canza wa uwarsa mota, a ba ta sabuwa ta lantarki, a karɓi tsohuwar. Na san tsoro ne ya sa ka, kana can nesa kana ganina a zuciyarka na lalace a hanya cikin ƙanƙara. Na gode, Allah ya yi maka albarka. Amma da ka fara tambayata kafin ka turo mini baƙo.

Me Akuya ta yi maka? Kai kanka kana nan ranar da babanka ya raɗa mata sunan, da ta haye tudun gidanmu a tsakiyar hunturu, maƙwabta na ƙasa suna ta ɗaura wa tayoyinsu sarƙa. Tun kana ajin ƙarshe na firamare muke tare da wannan ƙaramar jif, kuma ba ta taɓa barina a hanya ba. Ta ɗauki itace, ta ɗauki dankali, ta ɗauki marigayi karenmu da warinsa, ta kai kayanka filin jirgi ranar da ka tafi. Kujerarta ba ta yi ƙasa ba, ba ta yi sama ba, tsoho ya juya baya ya zauna kawai, babu mai ɗaga shi. But ɗinta, wurin kayan nan na baya, yana cinye keken dogarawar babanka ba sai na naɗe shi ba. Laifinta ban ɓoye ba: tana shan mai fiye da da, tsatsa ta kama ta ta baya, ƙofar da ka goga wa ginshiƙin gareji kana koyon tuƙi har yau sai an buga ta da ƙarfi. Jarle bakanike ya leƙa ƙarƙashinta ya ce za ta tsallake binciken hukuma na bana, na gaba kuma sai abin da Allah ya yi. Na ce masa ni ma haka likita ya ce mini.

Abin da ba ka sani ba, tun da aka kai babanka gidan nan ban fasa yawon Lahadi ba. Kamar yadda muka saba tun kuna yara, bayan coci a shiga mota, a bi layin jirgin fito, a haye tsallake inda aka haife shi, a kalli ruwa a dawo. A cikin gidan, Torleiv, wani lokaci kallona yake kamar ya taɓa ganina a kasuwa. Amma da zarar ya zauna a Akuya ya ja bel, sai mijina na da ya dawo. Ya miƙa hannu ya karkata madubin da ba shi zai duba ba. Ya ce, "Gunvor, giya ta biyu mana, so kike ki kashe mini mota?" In na rage gudu ya ce ina tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai. Ni kuma in ce, "Kai tsoho, ina lasisinka? Fito da shi mu gani." Sai ya yi dariyar nan tasa har da tari. Duk mako wannan faɗan nake jira, ban taɓa zaton zan yi marmarinsa ba.

Duk da haka ban watsa maka ƙasa a ido ba. Sindre ya kawo sabuwar ya ce in gwada ta ƙarshen mako, na karɓa. Gaskiya mota ce mai kyau, fara fat, ba makulli, ba ƙara, ga wani allo a gaba kamar talabijin. Ranar Lahadi na je da ita ɗaukar babanka. Ya tsaya a bakin ƙofa yana waige-waige, yana neman tamu. Da ƙyar wata nas ta lallaɓa shi ya shiga. Ya zauna a ɗarare, hannuwansa a kan gwiwa, bai taɓa madubi ba. Na yi gudu, na taka birki da gangan don ya yi magana, shiru. Muna gab da layin jirgi ya juyo cikin ladabi ya ce, "Baiwar Allah, na gode ƙwarai, amma don Allah ki mayar da ni. Matata za ta zo ɗaukata, in ba ta same ni ba akwai rigima, ba ki san halinta ba." Dariya ta fara kama ni, domin bai yi mini ƙarya ba. Na juya na mayar da shi, na miƙa shi ga nas, sannan na tsaya bayan coci na yi kukan da ban yi ba tun ranar da na haɗa masa jakarsa.

Washegari na mayar musu da abinsu. Sindre ya yi ta tambaya ko akwai abin da bai yi mini ba, ko kujera, ko launi. Na ce babu, motarsu ba ta da laifi ko ɗaya. Sai ya ce to wace irin gamsuwa nake samu a tsohuwar mota haka, ga tsatsa ga shan mai. Na ce masa, "Yaro, duk shekarun nan ban taɓa kwana da tunanin ko za ta tashi da safe ba, kai me kake nema wajen mota bayan wannan?" Sauran ban gaya masa ba, ba huruminsa ba ne. Daga can na wuce wajen Jarle ya sa wa Akuya tayoyinta na hunturu masu ƙusa.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Lahadin da ta wuce na koma da Akuya, kuma yana ganinta ya ce na makara. Muka shiga jirgi, kowa ya bar motarsa ya hau sama shan kofi da wainar da ake sayarwa a jirgin, mu ma muka bi a hankali. Babanka uku yake saya kullum, tasa da tawa da taka. Ragnfrid ba ta cinta, kuma wannan bai manta ba. Yakan naɗe taka a takarda, in mun sauko mota ya miƙa ta baya ba tare da ya waiga ba, yana cewa, "Ungo, kuma ka sauke ƙafarka daga bayan kujerata." Ni nake karɓa in ajiye a kujerar baya, in cinye ta a gida da shayi. To wannan karon ya sayi uku, muka sauko, ya miƙa hannu baya, sai hannun ya tsaya. Ya daɗe yana kallon takardar. Ya ce, "Gunvor, wannan ta wace ce?" Na ce ta Torleiv ce. Ya maimaita sunan a hankali, ya sake maimaitawa, can sai ya ce, "Af, yaron nan! Har yanzu bai taso daga makaranta ba?" Ya tuna da kai, amma sai da na kira masa sunanka. Ban taɓa yin haka ba sai ranar, kuma tsoro ya kama ni.

Ka gaishe mini da Jimena, ka ce na gode da rigar sanyin da ta aiko, ta yi mini daidai. Ka sumbaci Alma, ka gaya mata kakarta ta ce ta daina girma sai na gan ta. Ka gaishe da surukanka. Ragnfrid da yaranta suna gaishe ku, kawunka Halvard ma ya ce a gaya maka kifin can ba kifi ba ne.

Ina kewarka, auta, kewar da ba ta barina ko a cikin mutane. Ba mota nake so ka aiko mini ba. Na san kun shirya zuwa sai bazara, na san aiki, na san nisa, amma ban san ko babanka zai jira ka da sunanka a bakinsa har bazara ba. Ka zo Kirsimeti, ko kai kaɗai ne. Kada ka tsaya gabansa a gidan tsofaffi da wannan gemun naka, bawan Allah zai ce maka. Ka jira a cikin mota, a baya, ni zan shiga in fito da shi. Ina so ko sau ɗaya ne ya miƙa hannu baya ya tarar da mai karɓa.

Mahaifiyarka mai ƙaunarka,
Gunvor