Ƙwayar da Ɗana Yake Sha

Zuwa ga shugaban makarantar kuɗin da ɗana ya koyar a Goronyo,

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni ne mahaifin malamin lissafin da ka kora, wanda muka binne a Wurno bayan Sallah ƙarama. Ba ka zo gaisuwa ba, shi ya sa na aiko maka da tawa a bainar jama'a.

Na farko. Ɗana yana da hawan jini da ciwon suga tun yana saurayi. Ƙwaya uku yake haɗiya kullum, bisa umurnin likita. Wani ya gan shi yana sha a ofishin malamai ya kai maka labari. A lokacin ya fara mantuwa, yana tsayawa gaban allo lissafi ya kuɓuce masa. Sai ka haɗa biyun, ka tsaya a taron safe, gaban ɗalibai, ka kira shi ɗan ƙwaya. Kai mai ilimi ne. Ka san kalmar tana ɗaukar magani, tana ɗaukar maye. Ba ka tambaye shi wacce ba. Kwalin yana aljihunsa.

Na biyu. Na koyar da kimiyya har na yi ritaya, don haka bari in yi maka darasin da ya kamata ka nema. Idan suga ya daɗe da yawa a jini, ƙarfin bugun jinin kuma ya hau, bangon ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa yakan lalace ya fara yoyo. Abin da bai kamata ya shiga ba sai ya tsattsafa ciki, tunani ya riƙa raguwa kaɗan-kaɗan. Likita a Sakkwato ya nuna mini hoton kansa, fararen tabo birjik. Ƙwayoyin nan su ne suke rage saurin ɓarnar.

Na uku. Daga ranar da ka yi maganar, ya daina sha. Kunya ta hana shi. Matarsa ta tsinci kwalayen a rufe cikin buhun albasa, bayan wata biyar. Kafin nan ya fita sallar la'asar, aka tsinto shi a hanyar Kwargaba bai san gida ba. Daga baya ya dube ni, da ladabinsa, ya tambaye ni mi nake nema a ɗakinsa.

Ban ce kai ka sa masa ciwon ba. Na ce kai ka raba shi da maganinsa, da kalma ɗaya, kuma har yau da ita ake kiran ɗiyansa biyu a hanyar makaranta.

Buƙatata guda ce. Ka koma inda ka tsaya, a taron safe, ka ɗaga kwalin maganinsa da na aiko maka, ka karanta abin da ke jikinsa da ƙarfi, ka ce ka yi ƙarya. Ka kuma ambaci sunansa. Ɗan farina ne, kunya ba ta taɓa barina na kira sunan ba yana raye. Yau zan rubuta: Nasiru.

Allah ya ba ka tsawon rai, ya kare jijiyoyinka, ya bar maka ƙwaƙwalwarka garau har ƙarshe, kada ka manta da komai.

Wassalam,
Mahaifin Malam Nasiru, Wurno.