Falon Aro

Zuwa ga maigidana, Baban Kurciya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke a nan. Yaya aiki, yaya kuma ciwon bayan nan naka? Direban da ya kawo saƙonka ya ce ka rame. Na ce masa ai kai dama ba ka taɓa ƙiba ba, amma maganar ta tsaya mini a rai. Tagwaye suna nan ƙalau, sun fara tafiya, ba abin da suka bari a ɗakin nan sai wanda hannunsu bai kai ba.

Akwai maganar da na daɗe ina juyawa kafin in rubuta maka. Malamar ajin su Kurciya ta aiko a kira ni. Na tafi ina zaton ko faɗa Kurciya ta yi, ko da yake ka san 'yarka, ko kaza ba ta iya kora. Ashe maganar karatu ce. Malama ta buɗe littafi ta ce ta karanta mini layi ɗaya. Baban Kurciya, yarinyar nan da ke aji huɗu ta tsaya tana kallon takarda, leɓenta yana rawa, ta kasa. Duk abin da take rera mana a gida, a bakin 'yan ajinsu ta haddace shi. Ni da nake ɗinka wa rabin makarantar nan yunifom, ban san tawa ba ta iya haɗa baƙi ba. Kunya ta hana ni ɗaga kai.

Malama ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce akwai ɗaki a makaranta da ake buɗewa bayan an tashi, domin yaran da karatu ya yi wa nauyi. Manya ne ke zuwa don Allah, ba biyansu ake yi ba, kowane babba da yaronsa guda. Gurbin kaɗan ne, masu jira sun fi na ciki yawa, shi ya sa ake fara ba waɗanda ba su da wurin karatu a gida. Kurciya ta samu.

Wadda aka haɗa ta da ita tsohuwar nas ce da ta yi ritaya, doguwa, da tabarau rataye a wuya. Goggo yaran ke ce mata. Ban san me take yi wa yarinyar nan ba, don Kurciya ta ce wani lokacin ma hira kawai suke yi, ko ta sa ta ba ta labarin ɓarnar tagwaye, ita tana rubutawa, sai su karanta tare. Amma ga shi ta fara buɗe baki. Shekaranjiya ta ɗauki kwalbar maganin tari ta karanta mini inda aka ce a girgiza kafin a sha, ita kaɗai, a hankali. Na juya baya kamar ina neman almakashi don kada ta ga idona.

Sai dai ga wata sabuwa. Goggo ta aiko cewa tana so ta zo ta gaishe ni, ta ga inda Kurciya take zama. Tun da na ji nake duban ɗakinmu da idon baƙo. Keken ɗinki ya cinye rabi, gado ya cinye rabi, ledojin yadi a ƙarƙashi, tukwane a bayan ƙofa, tabon yoyon nan na silin ya ƙara faɗi. Matar da ta yi rayuwarta a asibiti, ina zan zaunar da ita, a kan bokiti?

Ka riƙa cin abinci don Allah. Yara suna gaishe ka.

Taka,
Maman Kurciya

Baban Kurciya,

Sallama da gaisuwa irin ta wadda ta yi kewa. Ina fata bayan ya yi sauƙi. Wasiƙarka ta iso, ka ce in share ɗaki in shimfiɗa tabarma, ai mutane matar ta zo gani ba kujeru ba. Ka yi gaskiya. Amma wasiƙar ta zo a makare, kuma ko da ta zo da wuri ban san ko zan ji ba.

Kada ka yi fushi, falon matar mai kemis, maƙwabciyarmu ta cikin gidan nan, na ara. Ka san shi, kujeru masu laushi, labule har ƙasa, da teburin cin abincin nan da ba a taɓa cin abinci a kansa ba. Na zaci za ta ja mini rai, sai ga shi abin ma daɗi ya yi mata. Da kanta ta sauke hoton aurenta, na rataya naka mai hula a wurin. Ta kwashe yaranta ta tafi gidan yayarta, bayan ta gargaɗe ni kada tagwaye su taka mata kafet. Su kuma na kai su wurin tsohuwar nan ta kusa da famfo. Na ja kunnen Kurciya sosai kada ta ce falon ba namu ba ne. Ta tambaye ni me ya sa, na ce yaro ba ya tambaya.

Goggo ta zo da la'asar. Ta cire takalmi, ta zauna, muka gaisa. Da ta ce a ɗan rage mata fanka, sai na miƙe na tsaya gaban maɓallai ban san na wane ne ba. Na danna ɗaya fitila ta kama, na danna wani ta mutu, fanka tana ta gudu abinta. Na ce tagwaye ne suka lalata su. Ta yi dariya ta ce ta san halinsu, ai tana da labarinsu a rubuce. Gumi yana bin bayana ina murmushi.

Daga nan ta tambayi inda Kurciya take karatu. Na nuna mata teburin, dama na jera littattafai a kai. Da ma a nan na tsaya. Sai bakina ya ƙara da cewa kullum da yamma nan take zama, ba mai damunta, ni kuma ina gefenta. Goggo ta shafa teburin da tafin hannu, ta ce ta ji daɗi ƙwarai, yara da yawa ba su da irin wannan gata. Ta yaba mini, ta sa mini albarka. Duk wannan Kurciya tana bakin kujera kamar wadda ta zo ganin likita, ko biskit ɗin da na saya ba ta taɓa ba.

Da baƙuwa ta tafi na mai da komai inda yake, na sauke hotonka muka koma ɗakinmu. Kurciya ta hau gado ta juya wa bango fuska. Na ce wa kaina gajiya ce. Na fita kunya dai, amma ban ji daɗin da na zata zan ji ba.

Ka gaishe da abokan aikinka.

Matarka,
Maman Kurciya

Maigida,

Ina gaisuwa, ina fata kana lafiya. Mu ma jikinmu lafiya. Ka yi haƙuri da abin da zan gaya maka.

Na cuci 'yarka.

Tun bayan zuwan Goggo, Kurciya tana dawowa a makare kamar yadda ta saba, don haka na ɗauka komai yana tafiya daidai. Ranar Talata na kai yunifom makaranta bayan an tashi. Ina zagayawa ta bayan ɗakin karatun sai na hango ta zaune a ƙasa, ƙarƙashin taga, jaka a kan gwiwa, ta jingina kai da bango tana saurare. Na leƙa ciki. Goggo tana zaune da wani yaro, tana bin layi da yatsa tare da shi.

Malama ce ta yi mini bayani, tana mamakin ban sani ba, don ta ba Kurciya saƙo ta kawo mini. Ta ce Goggo ta gaya musu gidanmu yana da wuri mai kyau da uwa mai lura, sai suka ga ya dace a ba wa wannan yaron gurbin, uwarsa shara take yi a wani shago kuma a nan suke kwana. An ba Kurciya littattafai ta riƙa karantawa da ni a kan teburinta. Sun tambaye ta ko haka ne tana da tebur, ta gyaɗa kai. Malama ta gaya mini wannan ƙa'ida tun ranar farko, ni na rubuta maka ita da hannuna, amma kunya ta toshe mini kai ban haɗa ba. Ta ƙara da cewa in dage, domin in ba ta ci jarrabawar karatu a ƙarshen zango ba, za ta maimaita aji.

Ka san abin da na ce? To madalla na ce. Gaskiya tana bakina, na haɗiye ta, har godiya na yi.

A hanya na tambayi Kurciya me ya hana ta gaya musu. Sai da muka kusa gida ta ce, "In na faɗa, za a ce Ummana maƙaryaciya ce."

Tun ranar nake ƙoƙarin gyarawa ni kaɗai. Na koma wurin matar mai kemis ko za ta bar Kurciya ta riƙa zama a teburin, ta ce ai falo ba makaranta ba ne, ta kuma mai da labarin fankar da na gaya mata abin dariya a bakin famfo. Ina tsai da keke in zaunar da Kurciya a gado, amma ba ni da haƙurin Goggo. In ta kuskure sau biyu sai in ji muryata ta hau. Jiya tagwaye suka yaga shafi, na daka mata tsawa ita da ba ta yi komai ba. Leɓenta ya koma rawa. Ko kwalbar magani ba ta ƙara ɗauka ba.

Ka faɗa mini duk abin da ya zo bakinka, na cancanta.

Maman Kurciya

Baban Kurciya, abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan ta same ka lafiya. Na ga amsarka. Na shirya wa faɗa, sai ka ce laifinka ne da ba ka kama mana ɗaki biyu ba. Wannan ta fi zagi zafi. Kada ka sake faɗin haka, ɗakin nan bai yi wa kowa ƙarya ba.

Na tare Goggo a ƙofar makaranta, na roƙe ta ta biyo ni gida, ban gaya mata dalili ba. Da muka shigo ta nufi ƙofar falo, na ce mata ba nan ba ne. Muka wuce ta tsakar gida, matan gidan suna wanki, kowa ta bar abin da take yi tana kallo. Na ɗaga labulen ɗakinmu na tsaya gefe. Ta daɗe a bakin ƙofa. Sannan ta cire takalmi ta shiga, ta ture yadi ta zauna a bakin gado.

Ba ta lallashe ni ba, kuma na gode mata da hakan. Ta ce na sa ta faɗa wa makaranta abin da ba haka ba, na sa ta cire hannu daga yarinyar da take buƙatarta. Ta ce ita ma da nata laifin, ta tsaya kallon tebur ba ta kalli fuskar yarinya ba. Da Kurciya ta dawo ta gan ta a gadonmu, sai ta yar da jaka ta faɗa jikinta. Ta shiga nuna mata komai, inda take ajiye littafi don kada tagwaye su kai, da murfin keke da take ɗora takarda a kai in ba na ɗinki. Ko ɗigon kunya babu a fuskarta, ashe tun farko ni kaɗai ce mai ita.

Gurbin dai ya tafi. Goggo ta ce ba za ta saki yaron nan ba, kuma ni ma ba zan iya roƙon haka ba, na ga uwarsa. Amma za ta riƙa zuwa ranar Asabar, nan ɗakin, in har zan rufe keke in fita da tagwaye. Game da zango mai zuwa kuwa, ta ce sai na je da ƙafata na gaya wa shugaban makaranta, ba za ta je mini ba.

Jiya na je, Kurciya tana biye da ni. Da muka isa ƙofar ofis na ga Malama ma tana ciki. Na tsaya ina gyara mayafi, ina tunanin in ce yunifom na zo aunawa. Sai na ji ɗan hannun Kurciya a cikin nawa.

"Umma, ki ja numfashi," in ji ta. "Ba sai kin faɗi duka lokaci ɗaya ba. Ki fara da kalma ta farko, in kin kuskure sai ki sake. Haka Goggo take ce mini."

Na shiga. Na ce musu falon ba namu ba ne, sauran maganar ta biyo baya. Malama ta sunkuyar da kai, shugaban ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Sun mai da sunanta cikin masu jira, a can ƙarshe, kuma ba su yi mini alkawarin komai ba.

Jarrabawa ta matso. Goggo ta ce rana ɗaya a mako ba lallai ta isa ba, an yi asarar lokaci, amma za su yi iyakar ƙoƙarinsu. Ka taya Kurciya da addu'a. Abu ɗaya nake roƙonka, in ka dawo ka tarar ta maimaita aji, kada ka tambaye ta dalili. Ni za ka tambaya.

Tagwaye suna gaishe ka, Kurciya ma tana gaishe ka. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Taka har kullum,
Maman Kurciya