Toho Bakwai a Kwandon Kawu

Lahadi, 4 ga Mayu

Okid ɗin Kawu, shukar furen nan tasa, ta fitar da toho bakwai! Shekara tara yana rainonta a kwandon waya, rataye a reshen mangwaron bayan gida. Gawayi da ɓawon kwakwa ne shimfiɗarta, saiwoyinta suna lilo a iska. Ba ta taɓa nuna alamar fure ba sai bana, da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. Da gudu na shiga na faɗa masa. Ya ce, "Uwata, koma ki sake ƙirgawa. Kimiyya kike koyarwa, ba lissafi ba." Ya yi dariya da rabin baki.

Laraba, 7 ga Mayu

Likita ya ja ni baranda. Makonni suka rage wa Kawu, in ji shi. Bai ce nawa ba, ni ma ban tambaya ba. Ya hana a ɗaga shi daga gado ko kaɗan.

Tagar ɗakinsa katangar maƙwabta take kallo. Mutumin da ya yi shekara talatin yana kula da lambun makaranta, ya raine ni tun rasuwar Umma, shi ne yau ba ya ganin ko ganye ɗaya. Dole sai ya ga furen nan da idonsa.

Asabar, 10 ga Mayu

Na sauke kwandon, na rataye shi a ƙusa daidai gadonsa. Na san abin da littafi ya ce. Ni da bakina na koya wa 'yan ajina cewa okid mai toho ba ta son canjin wuri, da haske ko iska sun sauya sai ta zubar. Na ce wa kaina ai taku ashirin ne kacal.

Kawu ya daɗe yana kallonta. "Kin tambaye ta?" Iyakar abin da ya ce ke nan.

Litinin, 12 ga Mayu

Biyu sun yi rawaya.

Laraba, 14 ga Mayu

Uku a ƙasa. Na tsince su yana barci, na cusa a jakar makaranta. In na kunna fanka iska ta busar da ita, in na kashe Kawu ya jiƙe da gumi. Na fesa ruwa, na buɗe taga, na rufe. Yau a aji na tsaya da alli a hannu, na rasa inda na kwana. Ni da ba a iya tsayar da ni in na fara maganar tsirrai.

Juma'a, 16 ga Mayu

Saura biyu.

"Ina kike kai gawarwakin?" in ji Kawu. "Ɓarin jiki ne ya mutu, ba ido ba."

Na ce in na mayar da ita ba zai gani ba.

"Ke dai kada ki kashe min ita don ki burge ni. Mayar da ita inda kika same ta. Reshen nan dai, gefen gabas."

Na mayar. Na tsaya ƙarƙashin mangwaron na yi kukana, na wanke fuska, sannan na kai masa magani.

Alhamis, 22 ga Mayu

Kawu ya rasu jiya da hantsi. Allah ya jiƙansa. Saura toho ɗaya, bai buɗe ba.

Lahadi, 1 ga Yuni

Ya buɗe. Fari tas, da ɗigon shunayya a tsakiya. Da na bar ta, da bakwai ne. Kuma ko bakwai ɗin ba zai gani ba. Shi ne abin da na kasa haɗiyewa.

Ba na son bi ta bayan gida. Na ce wa maƙwabciyata, nas ɗin nan mai son shuke-shuke, ta zo ta ɗauka da zarar furen ya faɗi.

Asabar, 14 ga Yuni

Furen ya faɗi shekaranjiya. Nas ta zo da safe, har da sabuwar igiya.

"Malama, na zo ɗaukar marainiyar."

Na ce ƙwari sun kama ta, kada su yaɗu a shukokinta. Ta ɗaga ganye ta leƙa, ta dube ni. "To, Allah ya ba ta lafiya," ta naɗe igiyarta ta tafi.

Babu ƙwaro ko ɗaya. Gawayin dai ya tsufa, yana son canji. Wataƙila gobe, in na gama duba takardun jarrabawa.